Tambaya: ruwan Wikki zai iya ba mu lantarki irin na Olkaria a Kenya?

Ɗan Alƙaleri ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka karanci ilimin duwatsu ko harkar wutar lantarki, don abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Injin casar shinkafa nake da shi a Alƙaleri, kuma duk mai irin sana'ata ya san rabin ribarmu a kuɗin dizal take ƙarewa. Kwanakin baya na ji a rediyo ana cewa kusan rabin wutar da Kenya take sha daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa. Wai rijiya suke haƙawa, tururi ya fito ya juya musu inji, ba mai, ba gawayi, ba ruwan dam. Sun ambaci wani wuri da ake kira Olkaria.

To mu ga Yankari a cikin ƙaramar hukumarmu, ga ruwan Wikki yana ɓulɓulowa daga gindin dutse da ɗuminsa, dare da rana, rani da damina. Ko a tsakiyar hunturu ka shiga ba ka jin sanyi, da asuba har ɗan tururi kake gani yana tashi a samansa. Tun muna yara manya ke cewa akwai wuta a ƙarƙashin wurin.

Abin da nake son sani: mene ne a ƙarƙashin Olkaria ɗin nan, kuma wuta nawa yake iya bayarwa? Sannan ruwan Wikki ba alama ba ce cewa mu ma muna da irinsa, sai dai ba a waiwayi abin ba? Don Allah a yi mini bayani yadda zan gane, karatuna a sakandare ya tsaya.

Mai Rijiya ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ta faɗo a gonata. Ilimin duwatsu na karanta, kuma aikina shi ne auna ƙasa in nuna inda za a haƙa rijiyar burtsatse. Na taɓa shiga Olkaria cikin wata tawagar ƙaro ilimi, don haka zan haɗa maka abin da na gani da abin da na karanta. Ka yi haƙuri, zan ɗan ja zance.

Duk inda ka haƙa a duniya, ƙasa ƙara zafi take yi in kana nutsawa. A yawancin wurare kowace kilomita ɗaya ta zurfi tana ƙara digiri 25 zuwa 30. Ke nan in ka haƙa kilomita 3 a irin ƙasarmu, za ka tarar da zafin da bai fi digiri 110 zuwa 120 ba. A Olkaria, wannan zurfin dai, rijiyoyi da yawa suna taɓo sama da digiri 300. Bambancin ke nan gaba ɗaya, sauran bayanin duk dalilinsa ne.

Dalilin kuwa shi ne gabashin Afirka yana rabewa. Akwai wata doguwar tsaga da ta taso daga yankin Afar a Habasha da Jibuti, ta ratsa tsakiyar Kenya, ta gangara har Mozambik. Gefenta biyu suna ja da baya da 'yan milimita kaɗan a shekara. Ido ba ya gani, amma cikin miliyoyin shekaru tsakiyar ta lotsa ta zama wani babban kwari. In ka baro Nairobi ka nufi Naivasha, akwai inda hanya take bin bakin gangaren, ka leƙa ka ga ƙasa ta yi zurfi can ƙasa kamar an yanke ta, ga dutsen Longonot tsaye a tsakiya da ramin bakinsa. Inda ɓawon ƙasa ya miƙe ya yi siriri haka, narkakken dutse yana samun hanyar hawowa kusa. Masana sun ƙiyasta cewa a ƙarƙashin Olkaria yana nan tsakanin kilomita 5 zuwa 8 kawai. Kuma ba tsohon labari ba ne: malalar dutsen da ake kira Ololbutot, wadda ita ce ta baya-bayan nan a wurin, shekarunta ba su fi 200 da wani abu ba. Na taka ta da ƙafata. Baƙa ce wuluk, gautsi gare ta, wani wurin tana ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba, ciyawa ma ba ta gama kama ta ba.

Amma zafi kaɗai ba ya ba da wuta, kuma nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Ka ɗauki tukunya a kan murhu. Kana buƙatar wuta a ƙasa, ruwa a ciki, da murfi a sama. Ba wuta, ruwan sanyi gare ka. Ba ruwa, ƙonanniyar tukunya gare ka. Ba murfi, tururin ya watse a iska. Olkaria Allah ya haɗa masa duka ukun.

Ruwan yana zuwa ne daga ruwan saman da ke sauka a tuddan da ke gefen kwarin, wato Mau ta yamma da Aberdare ta gabas, ya nutse ta cikin tsagogi. Sannan ga tafkin Naivasha dab da wurin. Tafkin ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, amma ruwansa bai yi gishiri ba, saboda ta ƙarƙashin ƙasa yake zurarewa, kuma binciken sinadaran ruwa ya nuna wani kaso nasa yana kaiwa ga ma'ajiyar Olkaria. Dutsen da ke riƙe ruwan a can ƙasa, wanda muke kira tarakait, shi kansa ba ya shan ruwa sosai. Tsagogin da suka farfasa shi su ne hanyar ruwan. Shi ya sa za ka haƙa rijiya ta ba da tururin da zai ishi gari guda, ka matsa mita ɗari biyar ka haƙa wata ta fito da zafi amma ba ƙarfi, don ba ta ratsa tsaga ba. A saman wannan kuma akwai shimfiɗar baƙin dutse da tokar aman wuta, waɗanda zafi da ruwa suka dafa tsawon zamani har ƙofofinsu suka cike da yumɓu. Murfin ke nan.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ruwan da ke can ƙasa, duk da digiri 300 ɗin, yawancinsa ruwa ne ba tururi ba. Nauyin abin da ke kansa ne ya danne shi ya hana shi tafasa. Da zarar rijiya ta huda murfin, matsin ya ragu, sai ruwan ya fara tafasa tun yana cikin bututu, ya tunkuɗo kansa sama, ba famfo ba komai. A bakin rijiya akwai wata doguwar tukunyar ƙarfe da ke raba tururi da ruwa. Tururin a tura shi ta bututu zuwa tasha ya bugi farfelar inji, farfela ta juya janareta. Ruwan da ya rage, mai gishiri da sinadarai, a mayar da shi ƙasa ta wata rijiyar.

Ranar da aka kai mu kusa da wata sabuwar rijiya da ake gwadawa, tun daga nesa aka raba mana abin toshe kunne. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ba a kunne kaɗai kake jin ta ba, har a ƙirji da tafin ƙafa. Farin tururi ya miƙe sama ya fi tsayin hasumiyar masallaci, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika wurin, wanda iskar farar wuta ce ke kawo shi. Injiniyan da ke mana jagora sai da ya riƙa rubuta mana bayani a takarda, don ko ihu ya yi ba ma ji. Bututun kuma an naɗe su da abin hana zafi fita, an shafa musu launin ƙasa da kore, suna bin tudu da kwari. Kowane ɗan nisa sai ka ga bututu ya lanƙwasa ya yi sama ya sauko. Amfani biyu gare shi: ƙarfe yana miƙewa in ya ɗauki zafi, lanƙwasar ce ke shanye miƙewar kada ya tsage, sannan dabbobi suna wucewa ta ƙasa, don wani ɓangare na filin a cikin gandun dajin Hell's Gate yake. Na ga jakunan dawa suna kiwo a gindin bututun da ke ɗauke da tururi.

Kada ka ɗauka dare ɗaya suka kai nan. Rijiyoyi biyu na farko an haƙa su ne a shekarun 1950, tun zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma ba su ba da abin da ake so ba, aka watsar. Sai a shekarun 1970 aka koma da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Injin farko mai megawat 15 (megawat shi ne ma'aunin ƙarfin wutar da inji ke bayarwa) ya fara aiki a 1981, shi ne babban inji na farko irinsa a duk Afirka. Aka ƙara na biyu a 1982, na uku a 1985, suka zama megawat 45. Daga nan sai da aka shafe shekara 15 kafin wata sabuwar tasha ta tashi a filin. Lissafin wutar zan bar wa masu lantarki, sun fi ni sani. Batun Wikki kuma zan dawo kansa, yanzu ana jira na a wurin aiki.

Injiniya 'Yar Kaduna ta amsa:

Malam Mai Rijiya ya gama da ƙasa, bari in ɗauka daga bakin rijiya zuwa waya.

Olkaria ba tasha ɗaya ba ce. Bayan ta farko, ta biyu ta fara a 2003 da megawat 70, aka ƙara mata 35 a 2010. Ta uku ta wani kamfanin Amurka ce mai suna Ormat, ta fara ƙarama a 2000, yanzu ta kai kimanin 150. Babban tsallen an yi shi ne a 2014 zuwa 2015, lokacin da kamfanin gwamnati KenGen ya kunna megawat 280 kusan a tare, har da tasha ta huɗu. Ta biyar ta zo a 2019 da sama da 160, aka ƙara wani inji mai sama da 80 a 2022. In ka tara waɗannan sun haura megawat 800, in ka haɗa da ƙananan injunan bakin rijiya kuwa filin ya haura 900. Dam ɗin Kainji da muke alfahari da shi an gina shi ne a kan megawat 760, Shiroro 600.

Amma ba yawan megawat ɗin ne ya fi burge ni ba. Tashar tururin ƙasa tana iya aiki sama da kashi 90 cikin 100 na sa'o'in shekara. Ba ruwanta da rana ta faɗi, ba ruwanta da iska ta tsaya, ba ruwanta da damina ta yi gardama, ba ta jiran bututun gas. Shi ya sa, ko da yake ƙarfin injinan bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da Kenya ta girka ba, wutar da suke bayarwa a shekara takan haura kashi 40 cikin 100. Kuma wahala ce ta koya musu. A da dam-dam ɗin kogin Tana suka dogara da su. Farin 1999 zuwa 2000 ya janye ruwan, aka shiga rabon wuta na sa'o'i masu yawa kullum, aka koma hayar janaretocin dizal masu tsada.

Game da abin da ya rage a ƙasa, hukumomin Kenya suna cewa kwarin gaba ɗaya zai iya ba da megawat 7,000 zuwa 10,000. Ni ina ɗaukar wannan adadi da taka-tsantsan. Ƙiyasi ne daga awon da aka yi a sama. Megawat ɗin da na yarda da shi shi ne wanda rijiya ta fitar aka auna.

Nan kuma matsalar kuɗi take shigowa, kuma a ganina ita ce ta hana ƙasashe da yawa, ba rashin zafi ba. Rijiya ɗaya mai zurfin kilomita 3 tana cin dala miliyan 5 zuwa 6, kuma matsakaiciyar mai kyau megawat 5 ko sama da haka kaɗan take bayarwa. An samu wata a 2014 da ta kai 30, har aka yi ta shela, don ba kasafai ake samun irinta ba. A sabon fili kuwa, rijiyoyin farko suna iya fitowa ba komai. Wane banki ne zai ba ka rancen dala miliyan 20 ka haƙa ramuka uku ko huɗu da ba ka da tabbacin abin da ke ciki? Habasha tana kan tsaga ɗaya da Kenya, ta kunna ƙaramar tashar Aluto Langano mai megawat 7 tun 1998, amma ta daɗe ba ta wuce nan ba.

Kenya ta warware wannan ne ta hanyar sa gwamnati ta ɗauki kasadar. A 2008 suka kafa wani kamfanin gwamnati, GDC, aikinsa ya haƙa ya tabbatar da tururi, sannan ya sayar wa 'yan kasuwa su gina tasha. Da haka aka buɗe filin Menengai kusa da Nakuru, inda tashar farko mai megawat 35 ta fara aiki a 2023. Ku duba tazarar, daga 2008 zuwa 2023. Sun kuma yi dabarar ɗora ƙananan injuna a bakin rijiyoyin da aka gama haƙawa, su fara kawo kuɗi kafin a gama babbar tasha. Sannan sun tura yaransu da yawa Aisland sun koyo aikin, yau su suke koyar da maƙwabta.

Abu ɗaya da zan ƙara kan maganar mayar da ruwa ƙasa: ba don tsafta kaɗai ake yi ba. Filin The Geysers na Kalifoniya, wanda ya fi kowanne girma a duniya, an zuƙe shi fiye da kima har tururinsa ya fara ja baya a ƙarshen shekarun 1980. Sai da suka ja bututu daga garuruwan da ke kusa suna ɗura tataccen ruwan kwata a ƙasa kafin ya daidaita. Ma'ajiyar tana ƙarewa in an yi mata haɗama.

Baƙon Nairobi ya amsa:

Ni ɗalibi ne a nan Kenya, kuma ina so in ƙara abin da ba a cika faɗa a rediyo ba. Filin nan ba kango ba ne, ƙasar kiwon Masai ce tun kaka da kakanni. Da za a gina tasha ta huɗu, a 2014 an tashi ƙauyuka huɗu, mutum kusan dubu, aka mayar da su wani fili aka gina musu gidaje. Wasu daga cikinsu suka kai ƙara ga sashen bincike na Bankin Duniya da na Bankin Zuba Jari na Turai, waɗanda suna cikin masu ba da rancen. Kokensu shi ne an bar wasu iyalai a baya wajen rabon gidaje, musamman zawarawa da marayu, kuma sabon filin bai kai tsohon kyawun kiwo ba. Binciken ya tabbatar da cewa an yi sakaci a wasu wuraren, har aka shiga sulhu. Duk wanda ya san yadda rikicin burtali da makiyaya yake a gida zai gane nauyin wannan.

Sannan kada Malam Ɗan Alƙaleri ya zaci wuta kyauta ce a nan. Ana samun ta, ba a cika ɗaukewa kamar gida ba, amma mutane kullum kuka suke da tsadarta. Kuɗin da aka ranto aka gina tashoshin da kuɗin waje ake biya.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne ba wuta kaɗai suke ci daga zafin ba. Akwai wata babbar gonar furanni a gefen tafkin Naivasha, Oserian, da ke ɗumama rumfunan furanninta da zafin rijiya da daddare. Akwai kuma wani babban wurin wanka da KenGen ya gina a Olkaria da ruwan da ya fito daga rijiyoyin. Na shiga. Ruwan fari-fari ne mai shuɗi, yana da santsi a fata, ranar hutu cike yake da iyalai daga Nairobi.

Ɗan Alƙaleri ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Allah ya ƙara ilimi. Hajiya Injiniya, lissafin nan naki ya buɗe mini ido, ban san rijiya ɗaya tana cin wannan kuɗin ba. Malam Mai Rijiya, ina nan ina jiran alkawarin Wikki. Wani direba da ke mana dakon shinkafa daga Numan ya ce a Lamurde akwai wani ruwa da ake kira Ruwan Zafi, ya ce ya fi Wikki zafi nesa ba kusa ba. Shi ma a haɗa mini da shi.

Mai Rijiya ya sake amsawa:

Ƙanena, gaskiya zan faɗa maka ko da ba za ta yi daɗi ba: Wikki ba zai ba da lantarki ba.

Zafin ruwan digiri 31 ne, ba ya hawa ba ya sauka. Matsakaicin zafin iskar yankinku in an haɗa rani da hunturu, dare da rana, yana wajen 26 zuwa 28. Ka ga 'yan digiri kaɗan ne tsakani. Ka tuna lissafin da na fara da shi na digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. Ruwan sama da ya nutse cikin dutsen yashi ya yi zurfin mita ɗari biyu ko uku ya dawo, zai fito da irin wannan ɗumin ba tare da wata wuta a ƙasa ba. A hunturu kake jin sa da zafi don jikinka ya yi sanyi. Abin mamakin Wikki yawansa ne, lita miliyan 21 a rana da yake zubawa a kogin Gaji, da kuma tsabtarsa. Kuma ko da wani zai zo da injin haƙa, ni ina cikin masu cewa kada a kusanci wurin. Rijiya ɗaya da aka haƙa ba bisa ilimi ba tana iya karkatar da idon ruwa, kuma in ya tafi ba mai dawo da shi.

Direban nan naka ya yi gaskiya. Ruwan Zafi na Lamurde an auna shi wajen digiri 54, haka na Akiri a yankin Awe ta jihar Nasarawa. Na Ikogosi a Ekiti wajen 37. Lamurde da Akiri duka a kwarin Binuwai suke, kuma wannan ba haɗuwar banza ba ce. Kwarin Binuwai shi ma tsaga ne irin na Kenya. Ya fara buɗewa ne sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Kudancin Amurka ke rabuwa da Afirka, sai ya tsaya bai ƙarasa ba, laka da yashi suka cike shi. Tsagogin suna nan, su ne ke ba ruwa hanyar nutsawa da zurfi ya dawo da zafi. Abin da babu shi ne narkakken dutse a kusa. Muna da duwatsun da suka taɓa aman wuta a tudun Biu da wajen Panyam a Filato, amma babu inda ƙasa ke huci da tururi kamar yadda na gani a Olkaria, inda za ka sa hannu a bakin rami ka janye da sauri.

Wannan ba ya nufin ba mu da komai. Akwai irin injin da ba ya buƙatar tururi. Ruwan zafin ana bi da shi ta jikin wani bututu ya tafasa wani ruwan sinadari mai saurin tafasa, tururin wannan ne ke juya farfela. Irinsa Ormat ke amfani da shi a Olkaria. Yana aiki sosai daga digiri 120 zuwa sama. A wani wuri da ake kira Chena a Alaska sun yi da ruwa mai digiri 74 kacal a 2006, amma abin da ya taimake su shi ne ruwan sanyaya injin kusan ƙanƙara ne. Injin da bambancin zafi da sanyi yake aiki, mu kuwa a watan Afrilu ina za mu samo sanyin? Don haka a wurinmu sai an sami 120 ko fiye, wato rijiyar kilomita 3 ko 4, kuma Hajiya ta riga ta gaya maka kuɗinta. Da wannan kuɗin, a yau, farantan hasken rana za su ba ka wutar da ta fi yawa a Bauchi.

Inda nake ganin amfani na kusa shi ne zafin kansa, ba lantarki ba. Kai ka fi ni sanin itacen da mata ke ƙonawa wajen jiƙa shinkafa da turara ta. Ruwan da ya fito da digiri 54 ya riga ya yi rabin tafiyar. A Menengai GDC ya gwada busar da hatsi da dafa madara da zafin rijiya.

Abin da ke damuna a matsayina na mai wannan sana'a shi ne bayanan suna nan, ba a tattara su ba. Duk rijiyar neman mai ana auna zafin gindinta. An haƙa sama da 20 a yankin tafkin Chadi, ga kuma na Kolmani a nan bayan gidanku, tsakanin Bauchi da Gombe, inda aka sanar da samun mai a 2019. Mutanen Borno kuma sun san rijiyoyin burtsatse masu zurfi da ruwansu ke fitowa da kansa da ɗumi. Mu masu haƙar ruwa muna huda ƙasa kullum a faɗin Arewa, amma da wuya ka ga wanda ya zura ma'aunin zafi ya rubuta. Ni na fara yi a rijiyoyin da nake kula da su, kuma ina roƙon abokan aiki da ke karanta wannan su riƙa yi.

Ba'agadeze ya rubuta:

Gaisuwa daga Nijar. Mu ma muna da namu a Tafadek, cikin duwatsun Ayar arewa da Agadas. Mutane suna zuwa daga nesa su yi kwanaki suna wanka saboda ciwon gaɓoɓi, kuma zafinsa sai ka daure kafin ka zauna a ciki. Malam, ta yaya za a gane ko irin wannan ruwan daga wuri mai tsananin zafi ya taso, ba tare da an kashe kuɗin haƙa ba?

Mai Rijiya ya amsa:

Ɗan'uwa, akwai hanya, kuma ba ta da tsada. Ruwa yana narkar da sinadaran dutse gwargwadon zafin da ya tarar a can ƙasa, kuma ko ya huce a hanya, sinadaran suna nan a cikinsa. Ana ɗibar ruwan a idonsa cikin kwalba mai tsabta, a tace, a kai ɗakin gwaji a auna sinadarin yashi da ya narke a ciki, da kuma yadda gishirin sodiyam da na fotashiyam suka yi rabo. Daga nan ake lissafa zafin da ruwan ya baro. Ruwa yana iya fitowa da digiri 50 alhali daga 70 ya taso, wani kuma ya fito da 50 ɗin amma daga 150 ya taso ya gauraya da ruwan sanyi a hanya. Na biyun ne ake bi.

In sakamakon ya yi kyau, sai a auna yadda ƙasar wurin ke ɗaukar lantarki, don yumɓun murfin da na ambata yana nuna kansa a wannan awon. Bayan nan a haƙa 'yan siraran ramuka na mita ɗari biyu zuwa uku a auna yadda zafi ke hawa. Sai duk waɗannan sun yi daidai ake maganar babbar rijiya. Ayar tana da duwatsun aman wuta da ba su tsufa sosai ba a yankin Todra, don haka Tafadek ya cancanci a gwada shi. In kana da wani a sashen ilimin ƙasa na jami'ar Yamai ko ta Agadas, ka fara tambayarsa ko an taɓa auna ruwan. A ɗebi kwalba biyu, ɗaya a ƙarshen rani ɗaya bayan damina, a rubuta zafin ruwan a daidai lokacin ɗiba.